Kifayen da Suka Koma Dutse: Tambayoyi da Amsoshi kan Kifaye Masu Ƙashi na Zamanin Da

Wani lokaci idan aka tsaga falalen dutse gida biyu, sai a tarar da kifi kwance a ciki, da haƙarƙarinsa da wutsiyarsa, kai ka ce jiya ya mutu. Irin wannan burbushi shi ne kaɗai abin da ya rage na dubban kifayen da suka yi zamaninsu suka ƙare. Ga tambayoyin da aka fi yi a kansu, musamman kan yadda masana ke iya duban ƙashin da ya zama dutse su ce wannan ɗan'uwan wancan ne.

Me ake nufi da kifi mai ƙashi? Ashe akwai kifin da ba shi da ƙashi?

Akwai. Kifin shak da danginsa guringuntsi ne ke riƙe da jikinsu, irin abin nan mai lanƙwasuwa da ke cikin kunnen mutum. Sauran kifayen da aka fi sani, su tarwaɗa da karfasa da sadin da tuna, ƙashi ne na gaske a jikinsu, kuma a ilimin kimiyya ana kiran ƙungiyarsu Osteichthyes. Ban da ƙashin, akwai wasu alamomi da suka haɗa su. Suna da murfi guda na ƙashi a kowane gefen kai wanda ke rufe wurin numfashi, alhali shak tsaga biyar zuwa bakwai gare shi a buɗe. Haƙoransu a kafe suke a jikin ƙasusuwan muƙamuƙi. Yawancinsu kuma suna da jakar iska a ciki, wadda a wasu take aikin huhu, a wasu kuma take hana kifi nutsewa idan ya daina iyo.

Ta yaya kifi yake zama dutse?

Da wuya hakan take faruwa. Mataccen kifi yakan kumbura ya taso sama, ko wani abu ya cinye shi, ko ƙasusuwan su watse. Kafin a samu cikakken burbushi sai gawar ta faɗa ƙasan ruwan da babu iskar shaƙa, inda masu cin mushe ba sa iya rayuwa, sannan laka mai laushi ta rufe ta da wuri. A hankali laka ta danne laka, ma'adanai su shiga kafofin ƙashin, lakar ta taurare.

Shi ya sa wurare ƙalilan ne suka yi suna. A jihar Wyoming ta Amurka akwai duwatsun Green River, waɗanda ƙasan wasu manyan tafkuna ne na kimanin shekaru miliyan 50 da suka wuce. A can wani ɗan kifi dangin sadin mai suna Knightia yana da yawan da har akan samu ɗaruruwansa a shimfiɗe a fuskar dutse guda, alamar garke ne ya mutu lokaci ɗaya. Akwai Solnhofen a Jamus, da Monte Bolca kusa da birnin Verona a Italiya, da Hakel a Labanan. Kifayen waɗannan wurare a baje suke kamar zane. Na yankin Araripe a Barazil da na Gogo a yammacin Ostireliya kuwa a cikin dunƙulen dutse suke, ba su baje ba, domin dutsen ya kewaye gawar ya taurare tun kafin nauyin ƙasa ya latse ta. Na Gogo ana jiƙa dunƙulen ne a ruwan asid marar ƙarfi, a ɗauraye, a shanya, a shafa wa abin da ya fito manne, a sake jiƙawa, har dutsen ya narke ya bar ƙoƙon kan kifi mai shekaru miliyan 380 wanda za ka iya buɗe bakinsa ka rufe.

Wa ya ƙirga waɗannan miliyoyin shekaru?

Ba daga ƙashin kifin ake ƙirgawa ba, daga dutsen da ke kewaye da shi ne. Idan dutse mai aman wuta ya watso toka ta kwanta a tsakanin laka, tokar kan zo da ƙananan ƙwayoyin ma'adinin zakon. A cikinsu akwai yuraniyom, wanda ke rikiɗewa zuwa dalma da saurin da aka auna aka sani. Idan aka auna yawan wannan da yawan wancan, sai a san yaushe ƙwayar ta samu. Kifin da ke kwance tsakanin toka ta ƙasa da toka ta sama, shekarunsa suna tsakanin nasu. Gwajin kabon 14 da mutane suka fi jin sunansa ba ya aiki a nan, iyakar ƙarfinsa wajen shekaru 50,000.

Wanne ne mafi tsufa a cikinsu?

Tsofaffin da aka fi sani sun fito ne daga zamanin Siluriyan, sama da shekaru miliyan 420 baya. An daɗe ba a da komai sai ɓawo da gutsattsarin haƙora, kamar na Andreolepis daga tsibirin Gotland na Suwidin da na Lophosteus daga Estoniya. A 2009 masana ƙarƙashin Zhu Min suka bayyana Guiyu oneiros daga lardin Yunnan na ƙasar Sin, kifi mai tsawon kusan santimita 30 da aka samu jikinsa a haɗe. Ma'anar Guiyu da Sinanci ita ce kifin fatalwa. Abin da ya ja hankali a kansa shi ne ya haɗa siffofin da a da ake zaton ba sa haɗuwa: ƙoƙon kai irin na wani reshe, ɓawo mai kama da na wani reshen, ga kuma ƙaya a gaban fukafukai irin ta kifayen da suka gabace shi.

Gida nawa aka raba kifaye masu ƙashi?

Gida biyu manya, kuma a fiffike ake gane su.

Na farko su ne Actinopterygii. Fiffikensu fata ce a shimfiɗe a kan siraran tsinkayen ƙashi, kamar mafici. Kusan duk kifin da ke ruwa a yau ɗan wannan gida ne, nau'i sama da 30,000. Daga cikin magabatansu akwai Cheirolepis na zamanin Debon, wato zamanin da ya biyo bayan Siluriyan, wanda aka haƙo a Sikotilan da Kanada, mai dogon baki da ƙananan ɓawo.

Na biyu su ne Sarcopterygii. Fiffikensu yana da tsoka da jerin ƙasusuwa a ciki, kuma ƙashi guda ne yake haɗa shi da kafaɗa ko ƙugu. A yau kaɗan suka rage a ruwa: gaiwa da 'yan'uwanta masu huhu, nau'i 6 a duniya, da wani kifin teku mai suna silakant nau'i 2. Amma a zamanin Debon su ne manyan mafarauta a ruwaye da yawa. Ƙashi gudan nan da ke gindin fiffikensu shi ne daidai da ƙashin dantsenka da na cinyarka. A wannan fanni dai, zumunta a ƙafa take.

Wa ya fara rarraba su, kuma da me ya yi aiki?

Louis Agassiz, mutumin Suwizalan, shi ya aza harsashin. Tsakanin 1833 da 1843 ya wallafa babban aikinsa kan burbushin kifaye cikin juzu'i 5, bayan ya zaga gidajen tarihi da ma'ajiyar attajiran Turai yana duba duwatsu. Ya lura cewa abin da ya fi tsira a dutse shi ne ɓawon jikin kifi, sai ya raba kifaye duka kashi huɗu bisa ɓawonsu: masu ɓawo kamar ƙananan haƙora irin na shak, masu kauri da ƙyalli mai kusurwa huɗu, masu zagayayye mai santsi, da masu zagayayye mai baki kamar mataji.

Dabara ce ta mai aiki da abin da ke hannunsa, kuma ta yi amfani a lokacinta. Sai dai ɓawo tufa ne. Akwai kifin da gefe ɗaya na jikinsa ɓawo mai santsi ne, ɗaya gefen mai mataji, to a wane gida za a sa shi? Sannan kashin masu ɓawo mai ƙyalli ya tara halittun da ba abin da ya haɗa su sai tsufa. Tun a shekarun 1840 Bajamushe Johannes Müller ya fara gyara tsarin ta hanyar duba zuciya da sauran kayan cikin kifaye masu rai, kuma shi ya fito da sunan Teleostei, ƙungiyar da ta ƙunshi kusan kashi 96 cikin 100 na kifayen yau. Tsarin Agassiz ya faɗi, amma sunayen da ya raɗa da yawa suna nan ana aiki da su, ciki har da Cheirolepis da Lepidotes da Coelacanthus.

To yanzu da me ake aiki?

Da hanyar da wani masanin ƙwari Bajamushe, Willi Hennig, ya shimfiɗa a 1950, wadda ta yaɗu bayan fitowarta da Turanci a 1966. Ƙa'idarta ɗaya ce: kama da wane ba ta wane. Don halittu biyu sun yi kama ba ya nuna kusanci. Abin da ke nuna kusanci shi ne wata sabuwar siffa da su biyun suka gada daga kaka ɗaya, wadda sauran ba su da ita.

Misalin da masanan kifi suka yi ta cacar baki a kansa a ƙarshen shekarun 1970 shi ne na kifin salmon da gaiwa da saniya. Ido zai ce salmon da gaiwa ne 'yan'uwa, tun da duka kifi ne. Amma zama a ruwa da samun fukafukai tsohon gado ne, ba ya bambance kowa. Idan aka duba sababbin siffofi, kamar ƙashi gudan nan na gindin gaɓa da yadda zuciya ke ware jinin da ya dawo daga huhu, gaiwa ta fi kusa da saniya. Tsofaffin masana da yawa sun ji wannan magana kamar zagi. Daga baya binciken ƙwayoyin gado ya goyi bayanta.

A aikace, mai bincike yakan tsara tebur: kifaye a jere ta gefe, siffofi ɗari biyu ko uku ta sama. Wannan ƙashin na kunci guda ne ko biyu? Ƙashin muƙamuƙin sama yana motsi ko a manne yake? Ƙashin baya ya shiga har ƙarshen wutsiya ko ya tsaya? Inda dutsen ya karye aka rasa amsa, sai a sa alamar tambaya. Kwamfuta ce ke nemo bishiyar zumuntar da ta fi dacewa da teburin. Idan alamomin tambaya sun yi yawa, bishiyar takan yi rawa, sabon burbushi guda ya isa ya sauya mata tsari.

Me ya sa sunan kifi ɗaya yake canzawa daga littafi zuwa littafi?

Dalilai biyu ne suka fi yawa. Na farko dokar fifiko ce: sunan da aka fara wallafawa shi ne suna. A 1870 Joseph Leidy ya samu gutsuren ƙayar fiffike daga Kansas ya sa masa Xiphactinus audax. Jim kaɗan Edward Cope ya samu ƙasusuwa masu kyau nesa ba kusa ba, ya sa musu Portheus molossus. Sunan Cope ne ya karɓu shekaru da yawa, amma da aka tabbatar kifi ɗaya ne, sai aka koma na Leidy, duk da cewa gutsure kawai ya riƙe.

Na biyu shi ne tarkace. Akwai sunayen da suka zama buhun zuba duk abin da aka rasa inda za a kai. Sama da shekaru 150, kusan duk kifi mai kaurin ɓawo daga zamanin Jurasik ko Kiretashiyos, wato zamanin dainaso, sai a ce masa Lepidotes. Da aka zauna aka duba ƙasusuwan kai ɗaya bayan ɗaya, sai buhun ya fashe. Wasu aka mayar da su jinsin Scheenstia da aka kafa a 2011, wasu aka ba su sunaye dabam. Haka rukunin da ake kira Palaeonisciformes yake: tarin tsofaffin kifaye ne masu kama da juna a ido, waɗanda zumuntarsu ba ta taru wuri ɗaya ba. Masana da yawa idan za su rubuta sunan sukan sa shi cikin baka biyu, don a san ba su yarda gida ne na gaske ba.

Haƙoran Scheenstia ɗin nan zagayayyu ne kamar maɓalli. A Turai ta tsakiyar zamani an ɗauka daga kan kwaɗo ake ciro su, ana ɗora su a zobe don kariya daga guba.

Ana iya raɗa wa kifi suna daga haƙori ɗaya kawai?

Ana yi, kuma wani lokaci abin yana kai mutum ya baro. Agassiz ya ga wasu faffaɗan haƙora masu tudu-tudu daga duwatsun zamanin Tirayasik, wanda ya gabaci Jurasik, ya sa musu Ceratodus, ya zaci na wani irin shak ne. A 1870 Gerard Krefft na gidan tarihin Sidni ya buɗe bakin wani kifi mai huhu da aka kamo a kogunan Queensland, sai ga irin haƙoran nan. Mai haƙoran ashe ɗan'uwan gaiwa ne. Shi kifin na Ostireliya yanzu Neoceratodus ake kiransa.

Akwai kuma tsakuwar kunne, wasu 'yan duwatsu da ke cikin kunnen kifi, waɗanda siffarsu ta bambanta daga nau'i zuwa nau'i. Kifaye da yawa na bayan zamanin dainaso da ita kaɗai aka san su.

Wanne ne ya fi kowa girma?

Leedsichthys problematicus, na tekun Jurasik, kimanin shekaru miliyan 165 baya. Wani manomi mai suna Alfred Leeds ne ya tattara ƙasusuwansa daga ramukan yumɓun bulo kusa da Peterborough a Ingila. Faifan ƙashin suna da faɗin da aka fara ɗaukarsu a matsayin sulken bayan dainaso, sai da Ba'amurke Othniel Marsh ya ziyarci tarin a 1888 ya ce na kan kifi ne. Arthur Smith Woodward ya sa masa suna a 1889, kuma kalma ta biyu ta sunan tana nufin mai rikitarwa.

Har yau yana rikitarwa, domin yawancin gangar jikinsa, har da ƙashin baya, ba ta taurare ta zama ƙashi ba, don haka ba ta tsira ba. Abin da ake samu shi ne ɓangarorin kai, da fukafukai, da wutsiya, da tarin siraran ƙasusuwan tace abinci, duk a farfashe. An taɓa yi masa ƙiyasin da ya haura mita 25. Binciken da Jeff Liston da abokan aikinsa suka fitar a 2013 ya sauko da shi zuwa kimanin mita 16 da rabi ga mafi girma. Ko a haka babu kifi mai ƙashi da aka sani ya kai shi. Duk girman nan, ƙananan halittun da ke yawo a ruwa yake tacewa ya haɗiye. Danginsa, Pachycormidae, sun riƙe wannan sana'a sama da shekaru miliyan 100, kuma Bonnerichthys na Kansas yana cikin na ƙarshensu.

A ruwan daɗi kuwa ana yawan ambaton Rhizodus na Sikotilan, ɗan gidan masu fiffiken tsoka, wanda ake ƙiyasta ya kai mita 5 ko fiye.

Yaya aka san abin da suke ci?

Wani lokaci abincin yana nan a ciki. A 1952 George Sternberg ya haƙo wani Xiphactinus mai tsawon kusan mita 4 a gundumar Gove ta Kansas. A tsakanin haƙarƙarinsa akwai wani kifin, Gillicus, mai kusan mita 1.8, cikakke, kansa yana fuskantar wutsiyar wanda ya haɗiye shi, ko narkewa bai fara ba. Ana jin lomar ce ta kashe mai ita. Yana nan a gidan tarihi na Sternberg a garin Hays.

Na Solnhofen ya fi wannan ban mamaki. An samu Aspidorhynchus, kifi mai tsinin baki, da haƙoransa a sarƙe cikin fatar fiffiken wata dabba mai tashi, Rhamphorhynchus. Ita kuma a maƙogwaronta akwai ɗan kifin da ta gama kamawa. Fassarar da aka yi ita ce ta sauko ta sure kifi, babban ya yi tsalle ya cafke ta, ya kasa haɗiyewa ya kasa saki, suka nutse tare.

Inda babu abinci a ciki, haƙora ke ba da labari. Kifayen Pycnodontiformes masu faffaɗan jiki suna da haƙora a jere kamar daɓen tsakuwa, na murƙushe katantanwa. Ɗaya daga cikinsu, Piranhamesodon, da aka bayyana a 2018 daga kudancin Jamus, ya bar sana'ar gidansu: haƙoransa masu kaifi ne, kuma a duwatsun da aka same shi akwai kifayen da aka gutsure musu fukafukai.

Ƙashi kaɗai ke tsira, ko ana samun nama?

Ana samu, jefi-jefi. A 2016 aka ba da rahoton zuciya a cikin Rhacolepis daga Araripe, kifi mai shekaru sama da miliyan 110. Ba a fasa dutsen ba, haske mai ƙarfi aka ratsa shi da shi a wata cibiya a Grenoble ta Faransa, har aka ƙirga layukan murafun mafitar jini guda 5. A 2023 kuma aka sanar da ƙwaƙwalwa a cikin kan Coccocephalus, ɗan kifi mai shekaru miliyan 319 da aka fito da shi daga mahaƙar kwal a Lancashire tun sama da ƙarni guda. Wannan ya shafi rabe-rabe kai tsaye. A duk kifayen gidan mafici masu rai, wato Actinopterygii, gaban ƙwaƙwalwa waje yake naɗewa, kuma an ɗauka haka gidan yake tun asali. Na Coccocephalus ciki ya naɗe, wato siffar daga baya ta samu.

Na'urar ɗaukar hoton ciki ta sauya aikin ƙwarai. Kafin ita, Erik Jarvik na Stockholm ya bi kan Eusthenopteron guda ɗaya ana goge shi siriri-siriri, ana zana kowane mataki, ana gina kwafinsa da kakin zuma. Aikin ya ci sama da shekaru 20, kuma da aka gama babu sauran kan.

Ƙwayoyin gado kuwa ba sa kai wa nan. Mafi tsufa da aka taɓa karantawa ba su wuce 'yan miliyoyin shekaru ƙalilan ba.

Gaskiya ne wani kifin da aka ce ya ƙare ya sake bayyana?

Gaskiya ne, da ɗan gyara. An san silakant daga duwatsu tun zamanin Agassiz, kuma burbushinsu ya yanke wajen shekaru miliyan 66 baya. Ranar 22 ga Disamba 1938 wani jirgin kamun kifi ya sauke kaya a East London ta Afirka ta Kudu. Marjorie Courtenay-Latimer, mai kula da gidan tarihin garin, ta hango wani shuɗin kifi mai kimanin mita ɗaya da rabi a cikin tulin, mai fukafukai kamar ƙafafu. Ta zana shi ta aika wa masanin kifaye J.L.B. Smith, wanda ya gane shi ya sa masa Latimeria chalumnae. Kafin amsarsa ta iso kayan cikin sun ruɓe an zubar. Sai 1952 aka samu na biyu a tsibiran Komoros. Nau'i na biyu ya fito a Indunusiya a ƙarshen shekarun 1990.

Gyaran shi ne, Latimeria ba ɗaya daga cikin na cikin duwatsun ba ne, ɗan gidansu ne da ya rage. Maganar cewa silakant ba su taɓa canzawa ba ma ba ta tsaya ba. An san nau'i sama da 100 daga burbushi. Rebellatrix na Kanada yana da wutsiya mai reshe biyu irin ta masu gudu. Foreyia na Suwizalan gajere ne mai ƙusumbin kai. Mawsonia kuwa ƙato ne na koguna da bakin teku, mai mitoci da yawa, kuma an same shi a Barazil da Maroko da Masar da Nijar, domin a lokacinsa Afirka da Kudancin Amurka ba su gama rabuwa ba.

Tiktaalik kifi ne ko dabbar tudu?

Kifi ne, idan ana nufin yana da ɓawo da tsinkayen fiffike. An same shi a 2004 a tsibirin Ellesmere can arewacin Kanada, a duwatsu masu shekaru miliyan 375, bayan Neil Shubin da Ted Daeschler da Farish Jenkins sun zaɓi wurin da gangan saboda shekarun dutsen da kasancewarsa tsohon kogi. Kansa a baje yake kamar na kada, ba shi da murfin numfashi, saboda haka yana da wuya mai juyawa, kuma cikin fiffikensa akwai gaɓoɓi masu lanƙwasuwa kamar wuyan hannu. Elpistostege daga Miguasha a Kebek, wanda aka bayyana cikakkensa a 2020, har ƙananan ƙasusuwa masu kama da na yatsu yake da su a ɓoye cikin fiffike.

Kada dai a ɗauke shi kakan kowa kai tsaye. A 2010 an ba da rahoton sawun ƙafafu a Zachełmie ta Polan wanda ya girme shi da miliyoyin shekaru. Tiktaalik yana nuna yadda dangin suke ne a wannan mataki.

Dunkleosteus da megalodon fa?

Ba sa cikin kifaye masu ƙashi. Megalodon shak ne. Dunkleosteus ɗan ƙungiyar kifaye masu sulke ne da ake kira Placodermi, waɗanda suka ƙare a ƙarshen Debon. Sai dai katangar da ke tsakaninsu da masu ƙashi ta yi ƙasa tun 2013, da aka bayyana Entelognathus daga Yunnan: jikin mai sulke, muƙamuƙi kuma da ƙasusuwa irin na kifi mai ƙashi.

Me ya ƙarar da su?

Ba abu ɗaya ba ne. A ƙarshen Debon, shekaru miliyan 359 baya, masu sulke suka tafi, gidan masu fiffiken tsoka ya ragu sosai, 'yan gidan mafici suka samu fili. Shekaru miliyan 66 baya, da dutsen sama ya faɗo a yankin Yucatán na Meziko, abin da ya ci dainaso bai bar teku ba: dangin Xiphactinus da na Leedsichthys da na Aspidorhynchus duk suka shafe. Manyan mafarauta masu sauri su suka fi shan kashi, kuma gurbin da suka bari ne su tuna suka cike daga baya. Wasu kuma a hankali suka shuɗe. Pycnodontiformes sun tsallake wancan bala'i, suka yi ta raguwa har suka ɓace a zamanin Iyosin.

Akwai kifi mai rai da ya ba masu rabe-rabe wahala kamar na dutse?

Gartsa, wato Polypterus na kogunan Afirka. Tana da huhu, da ɓawo mai kauri da ƙyalli irin na mutan da, da tsoka a gindin fiffiken gaba. A 1861 Thomas Huxley ya sa ta cikin masu fiffiken tsoka. Daga baya aka gane 'yar gidan mafici ce, kuma reshenta ne ya fara ballewa a cikin waɗanda ke raye. Matsalar ita ce burbushinta tabbatacce bai wuce shekaru miliyan 100 ba, alhali ana sa ran ya fi haka nesa. A 2017 hoton cikin kan Fukangichthys, kifin Tirayasik daga ƙasar Sin, ya nuna danginsa ne magabatan gartsa, kuma wasu siffofinta da ake gani na tsufa ne daga baya ta koma musu.

Har yanzu ana gano sababbi?

Kowace shekara, kuma ba duka ne daga daji ba. Akwai kifayen teku masu kwanciya a gefe ɗaya, waɗanda idanunsu biyu ke gefe guda na kai. Tun zamanin Darwin ake tambaya ina amfanin idon da ya yi rabin tafiya, kuma ba a taɓa ganin mai irinsa ba. A 2008 Matt Friedman, yana ɗalibi a lokacin, ya sake duba wasu kifayen Monte Bolca da suka daɗe a ajiye. Amphistium an san shi tun ƙarni na 19, an ɗauka karkacewar kansa latsewar dutse ce. Friedman ya nuna cewa a manyan kifayen ido ɗaya ya hau zuwa saman kai ya tsaya, bai tsallaka ba, kuma a wasu ta dama ya karkata, a wasu ta hagu. Ɗaya jinsin, wanda ya raɗa wa Heteronectes, a cikin ma'ajiyar gidan tarihin Biyana ya tarar da shi, tare da kifayen da ba a tantance ba.